Tsayuwa a Bayan Baba

Ranar Lahadi ce, mako guda bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma rigata ta riga ta manne a gadon bayana, don zafin Kuala Lumpur ba ya jiran rana ta take. Ina tsaye a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, can bayan unguwarmu ta Taman Melati wajen gindin duwatsu, riƙe da bokitin fenti da Umma ta wanke mana don zuba kifi. A gabana Baba ne, ya naɗe ƙafar wandonsa zuwa gwiwa, yana riƙe da sabuwar sandar kamun kifi, baƙa siririya mai sheƙi, wadda ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ya waiwayo, ya nuna mini wani wuri cikin ciyawa da leɓensa, ya ce, “Magaji, tsaya a bayana. Kada ka matsa ko’ina.” Na je na tsaya daidai inda ya nuna, na haɗe ƙafafuna. Wannan tsayuwar ce ta kusa raba ni da idona na hagu.

Mu mutanen wani ƙauye ne na bakin kogi kusa da Yawuri. Baba malamin jami’a ne da aka turo ƙaro karatu, ya taho da Umma da ni da ƙanwata Asiya tun kafin in shiga makaranta. Gidanmu yana can sama a wani dogon bene da sai an taka matattakala, ɗaki biyu da falo da wata ’yar baranda inda Umma take shanya kuɓewa da barkono a faranti, tana gadinsu saboda ruwan la’asar da ba ya sallama. Takan yi tuwon shinkafa da miyar kuka da dambu ta sayar wa ɗalibai ’yan gida marasa aure, ni ne kuma ɗan aike. Da na dawo daga makaranta sai in jiƙa fararen takalmana a baho, in ɗauki robobin tapau, wato abincin da aka ƙulle don kai wa masu saye, a leda biyu, in bi benaye ina ƙwanƙwasa ƙofofi. A nan na fara koyon ciniki, don tun a lokacin na gane cewa wanda ya cika yabon miya ƙarin nama yake nema. Idan na gama sai filin ajiye motoci, mu buga ƙwallo da yaran Malay da na Indiyawa har ladan ya kira magariba, ko mu kwanta rub da ciki a bakin kwalbati muna kamun ƙananan kifaye masu jan wutsiya da gorar ruwa da muka yanke wa kai. Malayanci ya fi Hausa zama a bakina a wancan lokacin. Umma ta yi mini magana da Hausa, in amsa mata da “boleh”, wato “to” ta Malayanci, ta ɗaga ludayi ta ce saura kaɗan in manta sunan kakana.

Sunan kakan nawa kuwa shi aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kirana sai da Magaji. Baba ɗan masunci ne, jikan masunci, kuma duk littattafan da ya tara ba su fitar masa da kogi daga rai ba. In muka je kasuwa sai ya tsaya gaban mai kifi, ya ɗaga kunnen kifin da yatsa ya leƙa, ya girgiza kai ya ce kifin da ya kwana a ƙanƙara ya riga ya manta ruwa. Bayan sallar isha’i yakan ba mu labarin giwan ruwa da tarwaɗa, da yadda ya tashi yana bin mahaifinsa da ƙwarya a hannu. A can, in ji shi, akwai ƙa’idar da kowane yaro ya sani tun kafin ya iya ninƙaya: “Gaban masunci na kifi ne, bayansa na yaro.” Gaskiya ce kuma a wurinsu. Birgi, ragar nan ta wurgawa, gaba ake jefa shi, mashi gaba, fatsar da ke kan sandar gora ita ma gaba ake lilo da ita a sake ta cikin ruwa. Duk abin da zai ji wa mutum ciwo gaba yake tafiya. Ga ladabi kuma, ɗa ba ya jerawa da ubansa. Ko masallacin Juma’a za mu, a bayansa nake tafe ina taka inuwarsa.

Wata rana Baba ya dawo daga yawon motsa jiki yana ta zumuɗi. Ya ga wasu mutane a bakin ramin kuzar nan, wanda ’yan ƙasa ke kira lombong, suna wani irin kamun kifi da bai taɓa gani ba: babu tana, babu ƙullin gari, sai wata igiya mai launi tana shawagi a sama kamar ana rubutu da ita. Daga nesa ya hango su, bai tsaya tambaya ba. Ana saura kwanaki Sallah muka je kasuwar titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi, Umma ta nutse cikin ciniki, shi kuma ya ja hannuna muka shiga wani lungu inda ake sayar da kayan kamun kifi. Mai shagon, wani dattijo ɗan Sin, ya miƙo masa sanda ya ce wannan ta fi dacewa da mai koyo. Baba ya dafa bakinta a ƙasa ya danna, ta lanƙwashe har kusa da mariƙi. Ya yi dariya ya dube ni ya ce, “Wannan ai karan dawa ne.” A garinsu gorar kirki ita ce wadda ba ta rusuna wa kifi. Ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa har ya kai ga wata sabuwar shigowa da ta tsaya ƙyam, bakinta kaɗai ke ɗan motsi. Ita ya ɗauka. Dattijon ya ɗauko tabarau da malafa ya ɗora a kan tebur yana nuna idonsa da yatsa, Baba ya ture su cikin raha. Ya ɗauka irin dabarar ’yan kasuwa ce ta cusa wa mai saye abin da bai zo nema ba. Ni da nake wannan sana’a yau ba na ganin laifinsa, don mukan yi hakan.

Abin da ba mu sani ba a ranar shi ne abin da nake ci da shi yanzu. A wannan irin kamun, abin da ke bakin igiya ƙwaron ƙarya ne da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin da zai ja igiya zuwa tsakiyar ruwa. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa. Kafin kuma ta tafi gaba dole sai ta tafi baya, ta miƙe sambal a bayan mai jifa gwargwadon nisan da yake so ta yi a gabansa. Sandar ita ce bakan da ke harba ta. Mai taushi tana lanƙwasawa tun daga tsakiya, tana tura igiyar a hankali cikin faffaɗan lanƙwasa, mutum yana ji a tafin hannunsa lokacin da ta gama miƙewa a baya, kuma in ya yi kuskure tana rufa masa asiri. Mai tsauri kuwa gaggawa gare ta. Tana harba igiya a matse kamar bulala, tana keta iska, tana kai wa nesa, amma sai a hannun wanda ya iya, don ba ta jira kuma ba ta yafiya. Baba ya sayi wadda ta fi kowacce gaggawa, ya ɗaura mata ƙwaro mai idanun ƙarfe, sannan ya ajiye ɗansa a hanyar da ƙugiyar take bi a kowace jifa.

Da safen Lahadin nan Umma ta cika mana fulas da shayi, ta ƙulle ƙosai a tsohon ɗankwalinta, ta riƙe kafaɗata a bakin ƙofa ta ce ramin nan ba shi da ƙasa, kada in kuskura in bar bayan Babana. Jifar farko igiyar ta zube a ƙafarsa kamar taliya. Ta biyu ta naɗe a bakin sandar. Can gefe akwai wani dattijo Bamalaye zaune a kan kujerar roba yana nasa kamun da tana, bai ko dube mu ba. Baba ya warware igiyar, ya gyara tsayuwa, ya ƙara ƙarfi kamar yadda ake yi da gora. Na fara jin wani abu yana wucewa ta saman kaina yana fito, fiu, fiu, sai kuma ƙara kamar an tsula bulala. Tsoro ya fara shigata, ƙafafuna suka so su ja gefe, amma an ce kada in matsa, ban matsa ba. Na ɗaga kai ne don in ga abin da ke fiton, sai na ji kamar rina ta harbe ni a ido. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ya kai hannu gaba. Ya ji nauyi a bayansa, ya ɗauka ciyawa ya kama, ya fizga. Da sandar mai taushi ce da ta rusuna ta shanye fizgar. Wannan ba ta rusuna ba. Kaina ne ya bi ta, bokitin ya faɗi, na ji fatar idona tana miƙewa kamar za ta rabu da fuskata. Ihun da na yi har yau ban san daga ina ya fito ba.

Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Ya yar da sandar, ya durƙusa, ya damƙe hannayena biyu da nake ƙoƙarin kai wa fuska, ya sa haƙori ya datse zaren. Da idona na dama ina ganin gashin tsuntsu kore da fari yana reto a gefen hancina, jini yana bin sa yana ɗiga a rigata. Ƙugiyar ta huda fatar ido ta sama ta shige, ina jin sanyin bakinta a kan ƙwayar idon duk lokacin da na motsa. Baba ya sha gaya mana yadda yake cire ƙugiya daga yatsun yara a ƙauye, a tura ta gaba a karya haƙorinta a zare. Ya kai yatsu biyu kusa da fuskata, ya tsaya, ya janye su. Wannan janyewar ta fi ciwon tsorata ni, domin a lokacin na san abin ya fi ƙarfin Baba, ni kuwa ban san akwai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya kwance murfin fulas ya kifa a kan idon don kada wani abu ya taɓa ƙugiyar, ya zazzage ƙosan a ciyawa ya ɗaure mini kai da ɗankwalin Umma, har da ido mai lafiyar, don in ɗaya ya juya ɗayan ma juyawa yake. Duniya ta yi baƙi, sai warin man ƙosai. “Kada ka ƙifta, Magaji. Don Allah kada ka ƙifta.” Baba ne yake haɗa ni da Allah.

A bayansa ya goya ni zuwa inda ya ajiye tsohuwar motarsa. Ina jin makulli yana karo da ƙarfe, ya kasa shiga, ya faɗi ƙasa. Sai na ji wata murya kusa da mu, ta dattijon nan mai kujerar roba, yana cewa a ba shi makullin. Shi ya tuƙa mu, ya bar kayan kamunsa a bakin ruwa. Ina kwance a cinyar Baba a kujerar baya, ya tallafe kaina da tafukansa biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Kowane tudun rage gudu da muka hau sai in ji ƙarfen ya gogi idona. Dattijon yana ta faɗin “Sabar, adik, sabar”, wato in yi haƙuri, Baba kuma yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana farawa bai ƙarasa ba ya koma wani. Ni abin da nake tunani dabam ne. Akwai wani makaho da ke sayar da ’yan takardun goge hannu a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu, kullum nakan wuce shi da ledojin tapau. Shi nake ta gani a cikin duhun nan. Na tambayi Baba ko mai ido ɗaya yana iya buga ƙwallo. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a goshina.

A asibiti wani abu ya faru da ban taɓa mantawa ba. Likitar, wata Ba’indiya mai sanyin murya, ta tambayi Baba da Turanci yadda aka yi. Mutumin da yake koyarwa da Turanci, yake rubuta littafin digirinsa da shi, ya buɗe baki sai Hausa ke fitowa: “Ni ne. Ni na ce ya tsaya a nan.” Ta sake tambaya, ya sake maimaitawa. Ni da ke kwance ido a ɗaure na yi mata bayani da Malayanci, na gaya mata ƙugiya ce, tana da haƙori, kuma ta taɓa ruwan rami. Aka tura ni ɗakin aiki, aka kifa mini wani abu a hanci. Da na farka na ji muryar Umma a gefen gado, ta zo riƙe da hannun Asiya, mayafinta ma na maƙwabciya ne. Ban ji ta yi wa Baba faɗa ba. Abin da na ji tana cewa shi ne, “Malam, ka daina. Ni ma haka na ce masa.” Likitar ta ce sun cire ƙugiyar, wadda ta karci gefen baƙin idon, amma ba za ta yi mana alkawarin komai ba sai kumburi ya saɓe an ga ko ƙazantar ruwan ba ta shiga ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a ƙuruciyata. Aka sallame ni da auduga a ido, ana ɗiga mini magani mai raɗaɗi dare da rana. Ina jin yara suna buga ƙwallo a ƙasa suna kiran sunana, ba ni da ikon leƙawa. Umma ta daina girkin sayarwa, ɗalibai suka riƙa hawowa dubiya da lemo da burodi, kowa ya zauna ya ba da labarin wani da ya sani wanda ya warke, ni kuwa ina karantar muryoyinsu na san wasu ƙirƙira suke yi. In ba kowa a ɗakin sai in rufe idon dama da hannu in gwada yadda rayuwa za ta kasance in na hagun ya tafi ya ja ɗan’uwansa, sai in yi maza in buɗe. Baba bai je jami’a ba. Yana zaune a kan dadduma a bakin ƙofar ɗakin, ba ya shigowa sosai, ba ya kuma tafiya. Sandar, wadda dattijon nan ya kawo mana har gida washegari, ya cusa ta a kan kwaba can ƙurya.

Ranar da aka koma, likitar ta ɓare audugar a hankali, ta goge idon, ta sa tafinta ta rufe na dama, ta ce in buɗe in gaya mata abin da na gani. Na ƙi buɗewa. Muddin yana rufe, ban makance ba tukuna. Sai da Umma ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban Baba, sannan na ɗaga fatar da ƙyar. Farko haske ne kawai da hawaye, kamar mutum ya buɗe ido a cikin ruwa. Sai wani abu dogo fari a jikin bango. Sai farin ya zama riga, a samanta hula, a jikin hular zare shuɗi. Na ce, da Hausa wannan karon, “Baba, hularka a karkace take.” Ya kai hannu zai gyara ta, sai ya sulale ya zauna a ƙasan asibitin mutane.

Idon ya tsira, sai ɗan tabo a fatar da wani hazo kaɗan a gefe in rana ta yi ƙarfi. Iyayena sun koma gida da daɗewa, ni na dawo karatu na zarce da kasuwa. Na fara da aika ƙugiyoyi da zaren kamun kifi zuwa Yawuri a cikin kayan ɗalibai masu komawa hutu, yau ina da shagona. Kowace shekara sababbin sanduna suna shigowa, sun fi na da rashin nauyi, sun fi su tsauri da gaggawa, masu saye kuma su suke nema don su ne a hotuna. Wanda ya iya, ina sayar masa ba musu. Mai koyo kuwa mai taushi nake miƙa masa, ko da ribarta ba ta kai ba, in ɗora tabarau a kai, in matse haƙorin ƙugiyar da filaya a gabansa. In ya ture tabaran sai in sunkuyo in nuna masa fatar idona. Ba a cika yi mini gardama ba bayan haka.

Ramin kuzar an cike shi, dogayen benaye ne a wurin yanzu, na je da ɗana na kasa gane ko da inda na tsaya. Baba kuwa tun daga ranar bai sake jefa komai a ruwa ba, shi da aka haifa a bakin kogi. Na taɓa kai masa wata mai taushi tsaraba, na ce ko sau ɗaya mu je tare. Ya dafa bakinta a ƙasa ya danna, ya yi murmushi ya ce har yanzu karan dawa ne, ya rataye ta a bangon ɗakinsa, tana nan. Amma akwai abin da ya canza wanda mutanen garinmu ba su gane ba. In na je gida muka fito za mu masallaci, na ja baya kamar yadda aka koya mini, sai ya tsaya cak, ya miƙo hannu ya kamo nawa ya jawo ni gefensa, ya sa kansa ta ɓangaren idona na hagu. Na ji ana cewa ɗan Malam ya je ƙasar waje ya koyo jerawa da ubansa. Ba mu taɓa ba su amsa ba. Shi dai tun daga wannan Lahadin, ba ya samun natsuwa sai yana ganina.